Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Yadda Muka Buɗe Littafin Bashin Yaya

Duk wanda ya taɓa shigowa shagona a nan Hausari ya san ta. Tana can kusurwa bayan sikeli, a lulluɓe da tsohon zanen Hajiya saboda ƙura, allonta mai ƙatuwar ƙeya kamar talabijin ɗin da. Yaran unguwa sun raɗa mata suna Kaka. Batirin agogonta ya mutu tun tuni, don haka duk safiyar da na kunna ta sai ta farka tana zaton har yanzu zamanin Obasanjo ake, sai na gyara mata kwanan wata da hannu kafin mu kama aiki. An sha ce mini, “Liman, don Allah ka ba 'yan jari-bola wannan abu ka huta.” Sai in yi dariya in ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma in za a faɗi gaskiya, ba hangen nesa ne ya sa na riƙe ta ba, sabo ne da ɗan maƙo irin namu na 'yan kasuwa. To yau ina so in ba ku labarin ranar da ta yi abin da sababbi suka kasa, da abin da ta nuna mini a kaina wanda ban so gani ba.

Kakanmu ya zo Nguru daga ƙasar Kano bayan layin dogo ya iso nan wajen 1930, kamar kakannin da yawa daga cikinku. Gyaɗa da fatu da ƙaro ne suka kawo shi. Baba ya gaji sana'ar, mu kuma muka gada daga Baba. Bayan rasuwarsa Yaya ya koma Gashua ya zauna a Zango, yana sayen riɗi da shinkafa da bandar kifi, ni na tsaya a nan kan ƙaro da hatsi. Kowa da jarinsa, amma hannunmu bai rabu ba. In kaya sun yi sauƙi a can ya aiko mini, in kuɗi sun yanke masa in tura masa da direba.

Yaya mutum ne mai rubutu. Ko naira biyar ka karɓa a hannunsa sai ya rubuta, kana tsaye. Mutane kan ce ya cika tsanani, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, to shi wane ne da zai dogara da ƙwaƙwalwarsa? Saboda wannan hali nasa mutane suka mai da shagonsa banki. Masunta da manoma da mata masu ƙananan sana'o'i, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar banki ba, wurinsa suke kai ajiya.

Sama da shekara ashirin ke nan da ya je Kano ya dawo da kwamfuta biyu na hannu daga titin Beirut, iri ɗaya sak, ya riƙe ɗaya ya aiko mini da ɗaya. Wani ɗalibi da ke zuwa hutu Gashua ya tsara mana littafin ciniki a cikinsu da wata manhaja mai suna Access 97: gurbin suna, gurbin kaya, gurbin abin da aka karɓa da abin da aka biya, da wani ɗan fili a ƙarshe na ƙarin bayani. Ya kuma saka mana harufan Rabi'at, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar a shekarun 1990, don mu iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarsu. Yaya ya zuba duk harkarsa a ciki. Ni kuwa, ban da ciniki, har rajistar ɗaurin auren masallacinmu a ciki nake ajiyewa: ango da amarya, waliyyai, shaidu, sadaki, lakadan ne ko ajalan.

Babban ɗan Yaya ya yi karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashua, wadda aka kafa a 2013. Da ya gama ya buɗe shagon buga takardu da cike fom na ɗalibai. A shagon nan ya ajiye wani baƙin akwati, girmansa bai wuce burodi biyu a jere ba, masu abin suna ce masa NAS. Faifai biyu ne a cikinsa, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya kwafu a ɗayan, kuma duk kwamfutocin shagon ta waya suke ɗebo fayil daga gare shi, kamar gidaje da yawa masu shan rijiya ɗaya. Yaron kirki ne, duk ƙarshen wata yakan bi ta shagon mahaifinsa da filas ya kwafo littafin ya zuba a akwatin.

Sai ambaliyar damina ta 2022. Waɗanda ke da 'yan'uwa a Gashua ba sai na ba su labari ba. Ruwa ya shiga shagon Yaya cikin dare ya kai ƙugu. Kwamfutarsa ta kwana biyu a cikin laka, manyan littattafan takarda da ke ƙasan kanta suka zama kamar tuwo. Da na je jaje, yaron ya ce, “Baffa, kada ku damu, komai na cikin akwati.” Muka yi hamdala. Yaya ya sayi littafin makaranta mai fallaye sittin ya ci gaba da rubuta sabon ciniki a ciki kafin a saya masa wata kwamfutar. Ba wanda ya ce a buɗe abin da ke cikin akwatin a gani. Mun ji an ce yana nan, hankalinmu ya kwanta.

Ba a kai ga sayen sabuwar ba ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ciwon nan da gidajen Gashua da yawa suka san ɗacinsa. Muka yi ta jigila tsakanin asibitoci har Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu da suka riga mu.

Ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ni ba ni da ko sisi a gadon, tunda ɗa namiji yana katange ɗan'uwa, shi ya sa dangi suka ce ni zan tsaya a kan rabon. Kun kuwa san tsarin: bayan hidimar jana'iza sai a fitar da bashi, sai wasiyya in akwai, sannan a raba abin da ya saura. Ajiyar mutane kuma tun farko ba ta cikin dukiyar mamaci. Muka yi sanarwa a masallatai cewa duk mai bin Yaya ko mai ajiya a wurinsa ya zo. Jama'a suka zo, wasu da 'yar takarda, wasu da shaidu, wasu da bakinsu kawai.

Cikin masu baki kawai har da wata dattijuwa Babadiya mai sayar da banda, daga wani ƙauye wajen Dagona. Ta durƙusa a zaure ta ce shekara shida tana kawo wa Alhaji kuɗi kaɗan-kaɗan, tana tarin kayan ɗakin jikarta marainiya. Ta faɗi adadi. Ba takarda, ba shaida, don ita ta ce ba ta taɓa tunanin za a nemi shaida a kan Alhaji ba. Wani daga cikin samarin gidan ya ce, “Haka kowa zai zo ya faɗi son ransa?” Tsohuwar ba ta tanka masa ba. Ni ta kalla ta ce, “Malam, ai ya rubuta. A gabana yake bugawa a talabijin ɗinsa.”

Na ce wa yaron ya buɗe mana littafin. A nan gizo ya yi saƙa. Fayil ɗin yana nan lafiya lau a cikin akwati, ga sunansa ga girmansa, amma laftof ɗinsa ta ƙi buɗewa. Ashe tun daga Access na 2013 aka daina karanta fayilolin da aka yi da na 97. Faifan da aka saka tsohuwar manhajar da shi kuma ya bi ruwa. Ya samo wata manhaja ta daban da ta iya zaro abin da ke ciki, sai ga shi a warwatse: sunaye a jeri guda, kaya a wani, kuɗi a wani, lambobi ne kawai ke haɗa su. Ga harufan sun rikice, inda Yaya ya rubuta ƙaro sai ka ga }aro, ɗaya ta zama ]aya, ɓawo ya zama ~awo. Dalili kuwa, tsofaffin harufan nan aron gurbin wasu alamomi suka yi, kwamfutar da ba ta da su sai ta nuna maka alamar ta asali.

Yaron ya ce in an ba shi mako guda zai iya harhaɗa komai da hannu. Na san zai iya, na kuma san ba zai ci amana ba. Amma shi magaji ne, ɗan ɗakin uwargida. Duk lissafin da ya ɗinka da hannunsa, ɗakin amarya za su karɓa da baki su ƙi da zuci, kuma irin wannan ƙullin yakan kai jikoki. Abin da muke bukata shi ne littafin ya buɗe kamar yadda Yaya ke ganinsa, a gaban kowa. A duk faɗin Nguru da Gashua kuwa, ban san wata na'ura da ke da wannan manhaja da waɗannan harufa a tare ba sai Kaka.

Za ku ce to ai da sauƙi, a kwafo a filas a kawo Nguru. Haka ni ma na ce. Sai na tuna ramukan filas ɗinta sun ƙone tun wata rana da wuta ta zo da ƙarfi, ban kuma damu da gyara ba tunda madannai da linzaminta masu zagayayyen kai ne, firinta kuma ta faffaɗan rami take shiga. Wurin faifan CD ƙurar hunturu ta makantar da shi. Akwai wurin ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu, amma abin da yake ɗauka bai kai megabayit ɗaya da rabi ba, littafin Yaya ya ninka haka sau da yawa, kuma ba wata sabuwar kwamfuta da ke da ramin saka shi. Ƙofa ɗaya ta rage mata a duniya, ramin wayar sadarwa da ke bayanta, wanda ban taɓa soka komai a cikinsa ba.

Haka na naɗe ta da bargo na kai ta tasha. Kuɗin kujera biyu na biya, ɗaya tawa ɗaya tata, allon kuma na rungume shi a cinya kamar jariri. Duk ramin da mota ta faɗa sai gabana ya faɗi, don yaron ya gargaɗe ni cewa tsohon faifai ba ya son jijjiga. Bayan mun wuce Jajimaji wani jami'i ya leƙo ya ɗaga bargon ya ce, “Baba, gidan tarihi za ka kai ta?” Motar ta kwashe da dariya. Na ce masa shaida za ta je bayarwa.

Bayan la'asar muka jona ta da shuɗiyar waya a shagon yaron. 'Yar fitilar bayanta ta kama, alamar wayar na aiki. Amma da ya nemi akwatin daga cikinta sai ta ce ba ta same shi ba. Ya gwada ta wata hanya, nan ma shiru. Na ce, “Ga su kusa da juna kamar a taɓa, me ya hana?”

Ya ce, “Baffa, yare ne. Windows XP ce a kanta, ta 2001. Yaren da take neman fayil da shi sunansa SMB1, tun shekarun 1980 ake amfani da shi. Daga Windows Vista aka fito da sabo. Akwatin nan sabon yake ji, tsohon a kashe yake.”

Na ce, “A kashe, ko babu?”

Ya ce, “A kashe. Akwai wurin kunnawa.”

“To kunna mana.”

Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Baffa, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan kunna ba.”

Wallahi raina ya ɓaci. Yaron da aka yi sunansa a gabana! Na ce masa haƙƙin marainiya ne a ciki, da sauke nauyin mahaifinsa da ke kwance a kabari, shi yana yi mini maganar maɓalli. Ya bari na gama tas, sannan ya yi bayani cikin ladabi. Ya ce ba don ƙeta aka kashe tsohon yaren ba, ɓaraka ce a jikinsa. A watan Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta shiga ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitoci a Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Ita kuwa XP tun Afrilun 2014 aka daina aiko mata da gyara na yau da kullum. Ya nuna akwatin ya ce, “Baffa, takardun mutane ne cike a nan, sakamakon jarrabawa, takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa. Su ma amana ce. Kuma ba littafin Baba a ko'ina sai a nan. In wani abu ya same shi, shi ke nan.”

Na yi shiru. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar nan yaro ne a ƙasa yana hangowa, ni ina kan rimi ban ga komai ba.

Bayan magariba ya zo da wata dabara. Ya ce akwai wani yare da ya girmi dukkansu, FTP, wanda asalinsa tun 1971, kuma har yau tsoho da sabo duk suna jin sa. Na ce kamar Hausa a kasuwar Gashua ke nan, Babade da Manga da Bafillace kowa da harshensa a gida, amma in ciniki ya haɗa su sai a koma Hausa. Ya ce haka ne, sai dai shi wannan yaren ba shi da sirri, ko kalmar sirri a fili yake faɗarta kamar mai shela, don haka sai an rufe ƙofa kafin a yi shi. Ga yadda ya yi, na kuma rubuta don wani zai iya bukata. Ya fara zare layin intanet daga rauta, ya kashe sauran kwamfutocin shagon, ya zama daga Kaka sai akwati sai laftof ɗinsa. Ya buɗe sabuwar folda a akwatin ya zuba kwafin littafin, bai taɓa na asali ba. Ya yi sabon suna da kalmar sirri na wucin gadi, wanda foldar nan kaɗai zai iya gani, kuma ɗauka kawai zai iya, ba zai iya gogewa ko sauyawa ba. Sannan ya kunna FTP a akwatin, ya zo kan Kaka ya rubuta lambar akwatin a saman taga. Ta yi ɗan gurnaninta, sai ga folda ta bayyana. Kwafewar ba ta kai minti ɗaya ba. Kwana tara muna fama, minti ɗaya ya raba gardama. Yana gamawa ya koma ya kashe FTP ɗin, ya goge sunan wucin gadin.

Na danna fayil ɗin da hannuna. Shuɗin shafin nan ya buɗe, ga sunan shagon Yaya a sama, ga ƙ da ɗ kowace da lanƙwasarta. Yaron ya karanta layi biyu na rubutun mahaifinsa, sai ya miƙe ya ce bari ya je ya samo mana shayi. Na san ba shayi ne ya fitar da shi ba.

Na rage ni kaɗai. Don gwaji kawai, in ga ko gurbin nema na aiki, na rubuta sunana. Layuka suka zubo, ciniki na shekara da shekaru, kowanne a ƙarshensa an rubuta “ya biya”. Sai guda ɗaya. Shekarar 2013: riɗi buhu 24, rance. A filin ƙarin bayani Yaya ya rubuta: “Kada a tambaye shi sai ya samu.”

Nan take na tuna. Shekarar dokar ta-ɓaci ce, lokacin da aka katse layukan waya a Yobe na makonni, kasuwa ta mutu, masu bina suka tsaya mini a ƙofa. Ban roƙe shi ba, labari ya ji ya aiko da mota. Na sayar na rufa wa kaina asiri. Na ce masa sai kaya sun fita, ya ce ba komai. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, bai taɓa ɗaga maganar ba ko da wasa, ni kuma a hankali zuciyata ta mai da abin kyauta, daga nan ta manta da shi ɗungurungum. Shekara goma. Ni da nake tsayawa gaban sahu ina gaya wa mutane cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, 'yan'uwa. Kwafin da ke kan Kaka nawa ne, ina iya sauya shi. Na asali yana cikin akwati, amma ba mai iya buɗe shi sai da ita, ita kuma gobe zan naɗe ta in koma da ita Nguru. Maɓallin gogewa yana nan ƙarƙashin yatsana. Zuciya ta fara kawo mini fatawa: ai “kada a tambaye shi” yafewa ce, ai da yana so da ya nema, ai kai ka yi ta hidima da shi a asibiti. Na san amsar kowace. Jinkiri daban, yafewa daban, kuma mutumin da ke rubuta naira biyar, da ya yafe da ya rubuta ya yafe. Amma sanin amsa bai hana ni zama wajen kwata guda ina kallon layin nan ba. Farashin riɗi na yau ba na 2013 ba ne, kuma na san abin da buhu 24 zai yi wa jarina. Abin da ya ɗage hannuna a ƙarshe ba wani ilimi ba ne. Tsohuwar nan na tuna, da yadda ta ce, “Ai ya rubuta.” In na goge nawa layin, da wane ido zan karanta nata?

Washegari da hantsi muka kai Kaka zauren Yaya. Ga limamin unguwarsu, ga dattawa biyu, ga wakilin kowane ɗaki, matan suna ji daga soro na ciki. Na ce kafin a duba na kowa, a fara da nawa. Na sa ɗan ɗakin amarya ya karanta da ƙarfi. Zauren ya yi tsit. Dattawa suka ce tunda buhu aka rubuta ba naira ba, buhu za a mayar ko kuɗinsa na ranar biya. Na ce na karɓa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, har da mai rabon.

Daga nan ba a ƙara musu a kan ko layi ɗaya ba. Da aka zo kan tsohuwar, aka rubuta sunanta ba a samu ba, saurayin nan har ya fara gyara zama. Sai na tambaye ta yadda Alhaji ke kiranta. Ta rufe baki tana dariya ta faɗi wani laƙabi na tsokana, mai ƙ a farkonsa. Yaron ya nemi harafin a madannai ya rasa, ni na miƙa yatsa na danna masa, don shekara ashirin ina danna wurin. Sai ga ta: shigarwa 41, kowace da ranarta. Jimlar kuma ta haura abin da ta faɗa, domin ashe Yaya yakan juya kuɗin a cinikin shinkafa da izininta tun farko, yana ƙara mata rabonta na riba, ita ta ma manta da wannan. Ta yi kuka, saurayin ya tashi ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Mun kuma samu mutum bakwai da Yaya ke bi waɗanda ba su zo ba, da biyu da ya rubuta musu “na yafe” ƙarara, abin da ya ƙara tabbatar mini cewa nawa ba yafewa ba ce.

Na sayar da wani fili da nake da shi a hanyar Machina na biya rabi, ragowar na cika da kaka. Ya taɓa ni, har yau jarina bai gama miƙewa ba. Amma ina barci.

Kafin in dawo da ita gida, yaron ya ƙi bari mu tafi haka. Ya fitar da littafin Yaya da nawa da rajistar masallaci zuwa rubutu mara ado wanda kowace kwamfuta ke karantawa, ya sake rufe ƙofa kamar jiya ya mai da su akwati, ya bi ya musanya } da ƙ, ] da ɗ, ~ da ɓ na zamani irin waɗanda ke cikin wayoyinku. Muka buga komai a takarda, kofi biyu, ɗaya a Gashua ɗaya a Nguru, a saman kabad ba a ƙasan kanta ba. Sai da na ga rajistar aure ta fito a takarda na gane irin gangancin da na yi. Aure sama da ɗari biyu na unguwar nan, da sadakin ajalan da wasu ke bi har yau, duk a kan faifai ɗaya da ya haura shekara ashirin, a cikin na'urar da nake tsokana da sunan Kaka.

Da na dawo na buɗe gafakar Baba. Akwai takardun cinikin gyaɗa na kakanmu a ciki, da ajami, tawada ba ta koɗe ba. Na miƙa wa autana, wanda ke aji biyar a sakandare kuma ya yi sauka. Ya juya ta, ya haɗa baƙaƙen, ya kasa fitar da magana. Takarda ta rayu shekara tamanin da wani abu, mai karanta ta ne ke ƙarewa. Ciwon da ya kama fayil ɗin Yaya ke nan, sai dai shi bai ɗauki shekara tamanin ba.

Don haka ga 'yar shawarata ga 'yan kasuwar unguwa da malaman Islamiyya da masu riƙe da littafin ƙungiya ko adashi. In an ce maka an ajiye maka abu a akwati ko a intanet, ka ce a buɗe maka shi a wata na'ura ka gani da idonka, kana da rai da lafiya. Kada ka rabu da tsohuwar kwamfuta sai abin da ke cikinta ya buɗu a sabuwa, kada kuma ka jona ta da intanet. Duk abin da ya shafi haƙƙin wani, bashi ko ajiya ko sadaki, a buga shi a takarda ko da sau ɗaya a shekara, a ajiye kofi a wani gida. Mutum biyu aƙalla su san inda yake da yadda ake buɗe shi. Masu rubuta bashi a waya kuma su tuna waya takan faɗa ruwa, takan kuma kulle da mutuwar mai ita. Sannan kowa ya zauna ya tambayi kansa ko akwai wani buhu 24 da zuciyarsa ta mai da kyauta. Mai shi yana iya yin shiru don kunya ko don ƙauna, amma magadansa haƙƙinsu ne.

Kaka ta koma kusurwarta bayan sikeli, na saya mata sabon batirin agogo, yanzu ta san shekarar da muke ciki. Duk mai tsohon ɗan faifai ko wani fayil da ya ƙi buɗuwa, ya zo da shi bayan la'asar mu gwada, ban da ranar kasuwa. Ba a biyan komai, sai dai a yi wa Yaya addu'a. Allah Ya gafarta masa, Ya sa mu cika ba nauyin kowa a wuyanmu.